Daga gidan dara zuwa allon waya: Yadda na'ura ke yanke shawara a wasa

Duk wanda ya san Kasuwar Ogbete da ke tsakiyar birnin Inugu ya san cewa cinikinta yana da lokacin zafi da lokacin sanyi. Da sassafe, sa'ad da ake sauke buhunan albasa da wake da kwandunan tumatir da suka kwana a hanya daga Arewa, ba mai sauraron wani. Amma da rana ta take, masu saye suka ja baya, sai a janyo benci a ɗora allon diraf, wasu su kewaye lido, wasu su hau raba karta. Haka abin yake a unguwannin Hausawa na Anaca da Fatakwal.

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Kwal ɗin da aka fara haƙa a Inugu a 1915, da layin dogon da ya haɗa garin da Fatakwal a 1916 kafin daga baya ya miƙe zuwa Arewa, su suka janyo leburori da fatake daga ko'ina. Har ta kai a shekarun 1950 wani falken shanu daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ya zama magajin garin Inugu na farko. Baƙo kuwa duk inda ya sauka da harshensa da abincinsa da wasansa yake sauka.

Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne abokin karawa. Yaron shago da a da sai ya jira a ci wani ya tashi kafin ya samu wuri a benci, yanzu wayarsa yake zarowa ya kara da ita. Ƙorafin da aka fi ji daga masu irin wannan wasa iri biyu ne: ko dai a ce wayar tana karanta zuciyar mutum, ko a ce maguɗi take yi. Akwai kuma kashi na uku, waɗanda suka gaskata cewa sun gano lagon na'ura, suna zuba kuɗin cinikinsu a cacar ƙwallon kwamfuta da wannan imani. Dukkan ukun suna magana ne a kan abu guda, wato yadda na'ura ke zaɓen abin da za ta yi. Amsar ba sihiri a cikinta, kuma darar da muka gada ta isa a yi bayaninta da ita.

Bishiyar da ba a iya ƙirga rassanta

A darar da aka fi sani, ana haƙa gidaje 30 a ƙasa, layi biyar na gida shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Da farko ana dasa su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda a jera uku a wannan mataki ba. Idan an gama dasawa sai a shiga motsi, gida ɗaya gaba ko baya ko gefe, kuma duk wanda ya jera uku a miƙe ya cire ɗa guda na abokin karawarsa.

Mai dasa ɗan farko yana da zaɓi 30. Wanda ke biye yana da 29. Tun a nan hanyoyin da wasan zai iya farawa sun kai 870. A dashe na huɗu sun zama 657,720, a na shida kuwa sun haura miliyan 427, alhali ba a ko kai rabin dasawa ba. In aka lissafa dukkan yadda 'ya'ya 24 za su iya zama a gidaje 30, kafin a cire waɗanda doka ta hana, za a samu kimanin tiriliyan ɗaya da biliyan 600. Wannan fa wasan da ake haƙa wa gurbi da yatsa a gindin bishiya ke nan.

Masana kwamfuta suna ɗaukar wasa a matsayin bishiya. Yanayin da allo yake ciki yanzu shi ne gindi, kowane motsi reshe ne, kowace amsar abokin karawa kuma reshe ne a kan reshe. Aikin na'ura shi ne ta hau rassan nan a cikin lissafinta, ta leƙa inda kowanne ya ƙare, ta dawo ta zaɓi guda. Ka'idar zaɓen ita ce zuciyar al'amarin, kuma ta girmi kwamfuta kanta: masanin lissafi John von Neumann ya tabbatar da tushenta a 1928, sannan Claude Shannon ya nuna a wata maƙala ta 1950 yadda za a ɗora ta a kan ces, wato darar Turawa. Ana kiranta minimaks. Ma'anarta a taƙaice: a kowane reshe ka ɗauka abokin karawarka zai yi maka mafi munin abin da zai iya, sa'annan ka bi reshen da mafi munin nasa ya fi sauƙi.

Falken albasa zai gane wannan nan take. A ce yana da mota cike daga Aliero, da hanyoyi biyu a gabansa. Ta farko gajera ce, in an dace a riga kowa isa kasuwa a sayar da tsada, amma in mota ta maƙale kaya su ruɓe gaba ɗaya. Ta biyu doguwa ce, ribarta kaɗan, asararta ma kaɗan. Mai bin minimaks ba ya kallon ribar da za a samu in an dace. Yana auna asarar kowace hanya in abu ya ɓaci, ya bi wadda ɓacinta ya fi dama. A kasuwanci wannan na iya zama tsoro fiye da kima, domin hanya ba maƙiyiyar kowa ba ce. A kan allon dara kuwa shi ne daidai, saboda wanda ke zaune gabanka da gangan yake neman abin da zai fi cutar da kai.

Nan ne asalin zargin karanta zuciya. Tarkon da ɗan wasa ya ɗana yana murmushi, na'ura ta riga ta bi ta kansa a cikin dubban rassan da ta leƙa, ta ga inda ya ƙare, ta kauce. Ba ta san niyyarsa ba, ba ta ma san akwai shi ba. Ta dai ɗauka cewa duk wani mugun motsi da doka ta halatta za a yi mata shi.

Sassabe da ma'auni

Da yake babu kwamfutar da za ta iya hawa dukkan rassa, sai aka nemo dabaru biyu. Ta farko sassabe ce. A ce na'ura ta gama auna wani motsi ta ga mafi munin sakamakonsa shi ne a tashi babu ci. Ta koma motsi na biyu, sai amsar farko da ta gwada ta nuna za a ci mata ɗa. To, ba ta da sauran buƙatar duba ragowar amsoshin wannan reshe, ko da su ɗari ne, tunda ya riga ya gaza na farko. Sai ta sare shi ta wuce. Wannan dabara, da ake kira alfa da beta, ta fito ne tun shekarun 1950, kuma Donald Knuth da Ronald Moore sun yi mata cikakken nazari a 1975. Idan aka dace da fara gwada motsi masu kyau, tana ba na'ura damar hango kusan ninki biyu na nisan da za ta hango ba tare da ita ba, a cikin lokaci guda.

Dabara ta biyu ta fi jan hankali, domin a nan ne hannun ɗan Adam ke shiga. Ko da sassabe, dole a tsaya a wani wuri kafin ƙarshen wasa, a ce motsi goma ko ashirin gaba. A wurin tsayawar nan na'ura tana buƙatar ma'aunin da zai faɗa mata wa ke gaba. A ces an saba ba ƙaramin soja maki ɗaya, doki uku, sarauniya tara, a ƙara da maki na kyan matsayi. Da dara ce, mai rubuta manhajar zai ce a ƙirga yawan 'ya'ya, a ƙirga layukan da saura ɗa guda su cika uku, a ƙirga 'ya'yan da aka toshe wa hanya, a kuma ba da maki mai tsoka ga tsarin nan da kowane gwanin dara ke mafarkinsa, inda ɗa guda ke kai da komowa tsakanin gida biyu yana ci a kowane motsi. Na'urar da aka ba ma'auni maras kyau, komai saurinta, sauri kawai take yi zuwa ga kuskure.

Irin wannan na'ura tana da wata makanta da masana suka daɗe da sani. Tunda hangenta yana da iyaka, idan ta ga asara na tafe a motsi na goma, takan yi ta sadaukar da ƙananan abubuwa don ta tura asarar zuwa motsi na goma sha ɗaya, inda idonta ba ya kaiwa, sai ta ɗauka matsalar ta kau. Kamar mai cin sabon bashi ne don ya biya tsoho. Tsofaffin 'yan diraf da ke cin manhajojin waya marasa ƙarfi yawanci ta wannan ƙofa suke shiga, ko da ba su san sunanta ba: su miƙa ɗa biyu yanzu, su kwashe biyar can gaba.

A nan ya kamata a faɗi wani abu game da matakan da ke cikin wasannin waya. Idan ka zaɓi mataki mai sauƙi ka ci, ba wayo ka fi na'urar ba. An rage mata nisan hange ne, ko an umarce ta da ta riƙa zaɓen motsi na biyu ko na uku a kyau lokaci zuwa lokaci. Mai manhaja ya san wanda ake ci kullum gogewa zai yi ya sauko da wata.

Da wannan tsari na hange da sassabe da ma'auni ne kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran ces na duniya, Garry Kasparov, a birnin New York a watan Mayun 1997, da maki uku da rabi, shi kuma biyu da rabi. Shekara guda kafin nan shi ya ci ta a Philadelphia. Tana iya auna yanayin allo kimanin miliyan 200 a daƙiƙa guda, kuma gwanayen ces ne suka taya injiniyoyi gyara ma'auninta.

Labarin diraf ya fi wannan taɓa zuciya. Marion Tinsley, malamin lissafi Ba'amurke, ya shafe fiye da shekara 40 yana wasa, kuma wasannin da aka ci shi a tsawon wannan lokaci ba su kai goma ba. A 1992 ya kara da manhajar Chinook, wadda Jonathan Schaeffer na Jami'ar Alberta a Kanada ya jagoranci ginawa, ya ci huɗu, ta ci biyu, aka yi canjaras 33. Da aka sake haɗuwa a 1994, bayan canjaras shida rashin lafiya ta sa ya janye, ya kuma rasu a shekarar da ta biyo. Schaeffer bai tsaya ba. Ya bar kwamfutoci suna lissafi har 2007, lokacin da ya sanar cewa an warware wasan ɗungurungum: idan ɓangarorin biyu ba su yi kuskure ba, canjaras za a tashi. Sai dai wannan diraf ne na allo mai gida takwas-takwas. Wanda aka fi bugawa a Najeriya, mai gida goma-goma da 'ya'ya 20 kowane ɓangare, ya fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma ba a warware shi ba.

Akwai wasan Afirka da aka yi wa irin wannan aiki, har ma ya riga diraf. A 2002 John Romein da Henri Bal na wata jami'a a Amsterdam sun warware awari, ɗan'uwan wasan nan na gurabe 12 da ƙwaya 48 da Yarabawa ke kira ayo, maƙwabtan Hausawan Ogbete kuma ke kira ncho. Sun lissafa yanayi sama da biliyan 889, suna farawa daga ƙarshen wasa suna komawa baya. Sakamakon nan ma canjaras ne.

Na'urar da ta koya wa kanta

Akwai wasan da ya gagari wannan hanya shekara da shekaru. Go, tsohon wasan ƙasar Sin, yana da mahaɗa 361 a allonsa, don haka rassansa sun yi yawan da sassabe ba ya maganinsu. Abin da ya fi wannan wuya, ba wanda ya iya rubuta masa ma'auni, domin gwanayensa kansu sukan ce matsayi ya yi musu kyau a ido ba tare da sun iya faɗin dalili ba.

Mafita ta farko ta zo a 2006, kuma ta yi kama da abin da dillalin hatsi ke yi a Dawanau. Ba ya zazzage buhu ɗari don ya san ingancin wake. Yana soka ƙarfe nan da can, ya duba abin da ya fito, inda ya ga alamar tambaya ya ƙara sokawa. Haka na'ura ke yi: daga kowane motsi sai ta buga wasan har ƙarshe sau dubbai da ka, ta ƙirga sau nawa aka ci, sannan ta ƙara yawan gwaji a rassan da suka nuna alamar nasara ba tare da ta yi watsi da sauran gaba ɗaya ba. Bafaranshe Rémi Coulom ne ya raɗa wa dabarar suna da Monte Carlo, garin da ya yi suna da gidajen caca.

Kamfanin DeepMind na birnin Landan ya ɗora wani abu a kan wannan. Ya gina sarƙar lissafi da aka kwaikwayo daga yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke haɗuwa, ya nuna mata yanayin allo kusan miliyan 30 daga wasannin mutane, sannan ya bar ta ta yi ta karawa da kanta. Sarƙa ɗaya ta koyi nuna motsin da ya cancanci a duba, ɗaya kuma ta koyi kallon allo ta faɗi yiwuwar nasara. Wato ma'aunin da mutane suka kasa rubutawa, na'ura ta sassaƙa shi da kanta daga ci da faɗuwa. A watan Maris na 2016, a birnin Seoul, wannan manhaja mai suna AlphaGo ta ci Lee Sedol wasa huɗu cikin biyar. Motsinta na 37 a wasa na biyu ya ruɗa masu sharhi har wasu suka zaci kuskure ne. Lissafinta ya nuna cewa yiwuwar ɗan Adam ya yi shi ɗaya ce cikin dubu goma, amma ta yi shi, kuma shi ya gina mata nasara.

Shekara guda bayan haka aka fito da wadda ba a nuna mata wasan mutum ko ɗaya ba, dokoki kawai aka ba ta. Cikin kwana uku ta buga wasa kusan miliyan biyar da kanta, sannan ta ci wadda ta doke Lee Sedol ɗari ba ko ɗaya. Ƙanwarta AlphaZero ta yi haka a ces, kuma abin lura shi ne tana auna yanayi dubbai ne kawai a daƙiƙa, inda abokiyar karawarta Stockfish ke auna miliyoyi. Ta rage yawan dubawa, ta ƙara sanin inda za ta duba. Tunanin ba sabo ba ne: tun 1959 Arthur Samuel na IBM ya wallafa yadda manhajarsa ta diraf ke gyara ma'auninta ta hanyar karawa da kanta. Ƙarfin kwamfuta ne bai kai ba a lokacin.

Duk da haka, wanda ya ce wannan fahimta ce irin ta mutum ya yi gaggawa. A farkon 2023 wani ɗan wasan Go da ba ƙwararre ba, Kellin Pelrine, ya ci KataGo, ɗaya daga cikin manhajoji mafiya ƙarfi, wasa 14 cikin 15. Wata manhajar bincike ce ta gano raunin: idan aka yi wa babban rukunin 'ya'yanta zobe sannu a hankali ana ɗauke mata hankali a wani lungu, ba ta ganin haɗarin sai an rufe. Matsakaicin ɗan wasa zai hango wannan zobe tun daga nesa. Ita kuwa ba ta haɗu da irinsa sosai ba a miliyoyin wasannin da ta koya daga gare su, shi ya sa ma'auninta bai san shi ba.

Inda sa'a ta shigo

Duk wasannin da aka ambata komai nasu a fili yake, kowa na ganin allo. Lido da karta daban ne, kuma a nan ne maganar ta fi shafar aljihun mutane.

A wasan da ake jefa ƙwaya, na'ura ba za ta ɗauka cewa mafi muni ne zai fito ba, tunda ƙwaya ba ta gaba da kowa. Sai ta ɗauki matsakaici: ta auna kowane sakamako, ta ninka shi da yiwuwar fitowarsa, ta tara. Da ƙwaya biyu akwai fitowa 36, kuma 11 daga ciki ne ke ɗauke da shida. Da irin wannan lissafi take yanke ko ta fito da sabon ɗa, ko ta gudu da wanda ake bi, ko ta tsaya inda yiwuwar a ci ta ta fi ƙanƙanta. Gerald Tesauro ya nuna tun 1992, da manhajar TD-Gammon, cewa na'ura na iya kaiwa matakin gwanayen duniya a wasan ƙwaya ta hanyar koya wa kanta.

Lissafin nan yana kuma amsa wani ɓangare na zargin maguɗi. Yiwuwar mutum ya jefa ƙwaya biyu sau biyar a jere bai ga shida ba ta kai kusan ɗaya cikin shida. Wanda ke buga lido kullum zai gamu da wannan sau da yawa a mako, kuma zuciya ta fi riƙe ranar da aka hana ta fiye da ranar da aka ba ta. Wannan ba wanke kowace manhaja ba ne. Ƙwayar katako tana faɗuwa a gaban kowa, ta cikin waya kuwa lamba ce da wani ya rubuta yadda za ta fito, kuma mai wasa ba shi da hanyar leƙawa.

A karta matsalar ita ce ɓoye. Ba ka san abin da ke hannun abokin karawa ba, shi ma bai san naka ba, kuma duk katin da ka jefa labari yake ba shi. Maganin da lissafi ya bayar shi ne cakuɗawa: kada ka riƙa yin abu guda a yanayi guda kullum, domin za a karance ka. A watan Janairun 2017 manhajar Libratus, wadda Tuomas Sandholm da Noam Brown na Jami'ar Carnegie Mellon suka gina, ta kara da ƙwararru huɗu na wasan karta na poka tsawon kwana 20 a Pittsburgh, aka raba hannu 120,000, ta cinye su. Tana yin burga da hannu maras kyau a daidai gwargwadon da zai hana a gane ta. Ba wanda ya koya mata yaudara, lissafi ne ya kai ta can.

To, sai cacar ƙwallon kwamfuta, wadda shagunanta suka cika lungunan kasuwanni daga Inugu har Fatakwal, kuma yanzu ta koma cikin waya. Ana nuna 'yan wasan zane suna guje-guje, a tashi wasa cikin 'yan mintuna, a fara wani. Matasa da yawa suna cika littafi da sakamakon baya suna neman tsarin da na'urar ke bi, wasu kuma suna biyan kuɗi a zaurukan WhatsApp da Telegram don a ba su hasashen da aka ce ƙirƙirarriyar basira ce ta fitar.

A ganina wannan shi ne ruɗani mafi tsada a duk maganar. A dara da diraf akwai bishiya, akwai abokin karawa mai hange mai iyaka, saboda haka akwai lago. A nan babu ko ɗaya. Injin fitar da lambobi ne ke yanke sakamako, zanen da ake kallo ado ne kawai, kuma wasan da ya wuce ba ya gaya maka komai game da mai zuwa. Shawara guda ce aka yanke a wannan wasa, an kuma yanke ta tun kafin ka shigo: farashin da za a biya ka. A ɗauki misali da abu mai fuska biyu daidai wa daida, wanda ake biyan 1.90 a kansa. Wanda ya zuba Naira 1,000 sau ɗari ya kashe Naira 100,000. In ya ci rabi, abin da zai dawo masa Naira 95,000 ne. In kuwa ya haɗa irin waɗannan wasanni goma a tikiti guda don kuɗin su yi kauri, yiwuwar cinsa ɗaya ce cikin 1,024, kuma kason da ke zurarewa ya tashi daga biyar cikin ɗari zuwa kusan 40. Wannan matsakaicin da na'urar lido ke lissafawa don ta ci wasa, shi ne mai gidan caca ya lissafa, ya ajiye kansa a ɓangaren da ke da riba. Babu manhajar da za ta juya shi, kuma da mai sayar da hasashe yana da irinta, da bai tsaya karɓar dubu biyu a hannun yaron shago ba.

Hukuncin caca a addini sananne ne ga mai karatu, kuma a Kano hukumar Hisbah ta sha rufe irin waɗannan shaguna. A ɓangaren doka, Kotun Ƙoli ta yanke a watan Nuwamban 2024 cewa kula da caca hurumin jihohi ne, dokar tarayya ta 2005 kuma Abuja kaɗai ta shafa. Ke nan tambayar wa ke binciken injinan da ke fitar da lambobin nan a Ogbete, gwamnatin Jihar Inugu za a yi wa ita.

Dara kuwa ba ta samu kulawar da ayo ta samu ba, ko da yake tana da 'yar'uwa a Turai, wasan jera uku mai 'ya'ya tara-tara, wanda Ralph Gasser ya warware tun 1993. Girmanta bai fi ƙarfin kwamfutocin yau ba, kuma hanyar AlphaZero ba ta buƙatar tarin tsofaffin wasanni, wanda dama ba mu da shi tunda a ƙasa ake buga dara a share da tafin hannu. Aiki ne da ɗalibin digiri na biyu a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello ko ta Nsukka zai iya ɗauka. Cikas ɗin farko da zai gamu da shi ba na lissafi ba ne. Na'ura ba ta motsi sai an rubuta mata doka ɗaya tak, alhali darar Zuru da ta Zabarmawa, waɗanda ke kiranta dili, da ta ƙasar Hausa ba su zama ɗaya a komai ba: girman allo, hukuncin wanda ya jera huɗu, da ko ana cire ɗan da ke cikin jerin uku, duk akwai saɓani. Kafin ya rubuta layin farko na manhaja, sai ya zauna da tsofaffin da ke buga ta ya rubuta yadda kowane gari ke yi.